Faifan da Ya Haye Gada

Duk wanda ya tashi a unguwar Dubeli ta Jimeta ya san Bappa Salihu mai hayar fim. Yau a waya yake tura wa mutane finafinai, amma da kaset ya fara, ya koma faifai, kuma halinsa bai sauya ba: ba ya ba da fim sai ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe. Abokan sana'a suna masa tsiya, wai shi ne babban kwastoman shagonsa. Oho dai! Magidanta sun sani, in Salihu ya ce fim na iyali ne, za ka kalle shi gaban surukarka ba ka sunkuyar da kai ba.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta, wani ɗan Barno mai sayar da huluna, Kashim, ya ja shi gefe. Ya ce tun da suka baro garinsu, mahaifiyarsa Ya Kellumi ba ta iya jin ƙarar bindiga, ko ta talabijin ce. Sai ta faɗi tana makyarkyata, ta yi kwanaki ba ci ba magana. Ga shi kuma fim kaɗai ke ɗebe mata kewa. Daga ranar Salihu ya ware kanta guda, ya jera finafinan da ko ƙofa ba a bugawa da ƙarfi a cikinsu.

Ana jajibirin Sallah shago ya cika maƙil. Wani ɗalibi daga Sangere ya dawo da faifai biyu, Salihu ya mayar da su kanta bai buɗe kwalayensu ba, abin da bai saba ba. Kashim ya zo ya karɓi ɗaya ya tafi. Bayan la'asar sai ga wani direba yana faɗa.

"Haba Bappa! Na ce ka ba ni na yaƙi, ka ba ni na biki da guɗa?"

Salihu ya dubi kwalin, ya dubi faifan. Ashe ɗalibin nan ya musanya su. Na yaƙin, mai luguden wuta tun daga buɗewa, yana gidan Ya Kellumi a Vinikilang, can ƙetaren gada.

Ya kira Kashim, waya a kashe. Ya bar shago a buɗe ya tari Keke Napep. A bakin gada kuwa layin binciken sojoji ya miƙe, kamar ba za a taɓa wucewa ba. Mutumin da ko gardama ba ya iyawa, ran nan har mai keke ya yi wa tsawa, sannan ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, yana salati yana haɗa gumi.

Ya isa gidan ya yi sallama. Ya tarar da tsohuwa kan tabarma da jikokinta, sun zuba wa talabijin ido, allon kuwa baƙi ƙirin. An ɗauke wuta tun hantsi, daidai lokacin da za a kunna fim ɗin. Faifan na cikin na'ura, jira kawai ake.

Wayyo daɗi! Salihu bai taɓa sa wa masu ɗauke wuta albarka ba sai ranar. Ya zare wayar na'urar daga bango, ya gaya wa Kashim abin da ya faru a kunne, ya ce ya biyo shi da na'urar shago a ciro faifan.

Ya Kellumi ta tura masa kofin ruwa.

"Ɗana, lafiya kake haki haka?"

"Lafiya lau, Dada. Wanda ya fi shi daɗi zan aiko miki."

"To, Allah ya yi albarka," ta ce. "Ni tun da muka zo garin nan, ko tukunya ta faɗi sai cikina ya ɗuri ruwa. In aka ce daga wurinka ne kawai nake zama in saki jikina."

Salihu ya ɗauki kofin da hannu biyu, ya shanye ruwan tas.