Sule Biyu Kowace Shari'a

Da za a mayar da ni baya, da na tafi Yankara na ɗauko shaidar nan. Ban tafi ba, kuma lafiyata ƙalau.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, ina da ɗan karatun elementare, sai wani attajirin gyaɗa a Kankara ya ɗauke ni, saboda Allah, in riƙa tsaya wa talakawan da aka kai gaban alƙali kan laifi. Lauya ba ya shiga can. Aikina in saurari mutum, in nemo masa shaidu, in gwada masa yadda zai yi magana. Da fari albashin wata yake ba ni. Daga baya ya ga kamar ina jan ƙafa, ya ce daga yau sule biyu duk shari'ar da ta ƙare, ko ta yini ɗaya ce ko ta wata guda.

Tun ran nan na daina son doguwar shari'a.

Aka kawo wani dattijon manomi daga Mabai, an ce ya saci bijimi. Ya ce saye ya yi a kasuwar Yankara, dillalin da ya shiga tsakani yana nan da ransa. Na duba: zuwa da dawowa a ƙafa, ga jiran ranar kasuwa, sai ya ci mini mako.

Na ce, "Baba, wane dillali ke tuna bijimin da ya sayar bara? Ka amsa, a sassauta maka."

Ya ce, "In amsa mi, Malam? Kai mai tsaya mani ne ko ɗan doka?"

Na ce, "Kai ka san garma, ni na san kotu."

Sai ya ce, "To, kai ne mai karatu."

Ya amsa laifin. Aka karɓe bijimin, aka ɗaure shi wata shida, daidai faɗuwar damina. Gonarsa ta kwana ba shuka. Ranar da aka yanke hukuncin, da la'asar na karɓi kuɗina.

Bayan ya fito mun sha haɗuwa, ya gaishe ni, bai taɓa tayar da maganar ba. A Mabai kuwa har ya rasu ba a sake sa shi shaidar ɗaurin aure ba.

Duk wanda aka danƙa wa maganar wani, in ya ga tsarin biyansa na sa shi gaggawa, don Allah ya fito ya faɗa, ko ya ajiye aikin. Kada ya yi irin nawa.