Pil ɗin Kawu Kalla

A Tamaske, Kawu Kalla ne mai rediyon kaset. Ya zo da ita daga Abijan bayan ciwon ƙafa ya hana shi dako. Duk wanda ke da ɗa a can, wurinsa yake zuwa, ko a ɗauki muryarsa a aika, ko a kunna masa wadda aka aiko. Pil, wato batir, yana da wuyar samu, don haka Kawu ya raba shi: sabo na ɗaukar murya ne, wanda ya gaji na saurare. Idan aka ɗauka da gajiyayye, kaset ɗin yana juyawa a hankali, in an kunna a can sai muryar ta fito siririya, tana gudu.

Na gama karatu a Yamai bana, ina zaune gidansa ina jiran aiki, lokacin da Inna Cima ta zo jin muryar ɗanta da ya daɗe bai aiko ba. Gajiyayyen pil ya ja muryar kamar ta mai ciwo, ta fara kuka. Kawu ya sa mata sabon da ya rage masa.

"Kalla, ƙara kunna mani," in ji ta. Ya ƙara. Har la'asar tana cewa a ƙara, har sabon ma ya gaji.

Kafin magariba aka aiko daga gidan Malam Alhusaini, wanda jikinsa ya yi tsanani. Yana son ya yi wa ɗansa Tanimu magana, wanda ya tafi Abijan suna fushi da juna a kan sayar da gona. Na riƙe rediyon kusa da bakinsa. Tsohon ya yi gaisuwa, ya yi faɗa, ya daɗe yana faɗa. Na ga kaset ɗin yana ja da ƙyar, sannan ya tsaya. Kawu ma ya gani. Bayan tsayawar ne tsohon ya ce ya yafe. Ɗakin cike yake da dattawa, Kawu ya kasa buɗe baki ya ce a maimaita. Da safe Malam ya rasu.

Tanimu ya iso bayan sadakar arba'in, kaset ɗin a aljihunsa.

"Kalla, mi ka aiko mani? Samari sun taru a ɗakina suna dariyar ubana, murya kamar ta ɓera. Kuma duk faɗa ne."

"Ya yafe maka, Tanimu. Wallahi da kunnena na ji."

"Ina yake a ciki?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Tanimu ya dube ni, na ce haka ne, Malam ya yafe masa. Ya ce, "Kai ɗan ƙanwarsa ne, mi za ka ce?" Ya ajiye kaset ɗin a tabarma ya fita.

Tun ranar Kawu bai sake zama a ƙofar gida ba. Jiya wata mata ta zo a ɗauki muryarta, ya ce in gaya mata ba ya nan.