Agogon da Alhaji Isyaku ya ba ni kiwo

Bana shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar taubashina, Alhaji Isyaku mai fata, kuma sai yau zan faɗi a bainar jama'a abin da na kasa faɗa masa. Ni na kashe masa agogo da hannuna, na ɗura masa man gyaɗa, sannan na yi wata uku ina yawo da gawar a wuyan hannu ina ɓoye wa mai shi. Da jiya tana dawowa, wannan zan fara gyarawa.

Amma ku fara sanin mutumin, don ko yanzu na tuna shi sai na ji kamar in miƙe tsaye. Fataucin fata ya kai shi garuruwa, kuma inda wasu ke dawowa da keke ko rediyo, shi agogo yake dawowa da shi. Guda shida ya tara, ba na batir ba, irin masu wana kansu da motsin hannun mai ɗaure da su. Masu nauyi ne, gilashinsu kamar ruwan rijiya, allurar daƙiƙa tana tafiya sumul ba tsalle. In ka kanga a kunne sai ka ji wani sauti siriri, da sauri, kamar zuciyar ɗan tsako. Wallahi duk ƙauyenmu da ke gabas da Kunci babu wanda bai zo ya saurara ba.

Matsalar ita ce hannu biyu Allah ya ba shi, kuma irin wannan agogo in an ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Sai Alhaji ya yi dabarar da har gobe nake jinjina wa: ya ba da su kiwo, kamar yadda ake ba da akuya. Ya ce babu abincin da agogo ke so irin noma. Ya zaɓi manoma biyar ya ɗaura mana, ni ya ba ni wanda ya fi so, mai fuska shuɗiya, wai don ya ga ko zai warkar da ni daga lalaci. Tsakanin taubasai ba a fushi da irin wannan. Shi dai ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba, Rago kawai.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci mukan taru a gindin durumin ƙofar gidansa. A kunna rediyo, ana faɗin lokaci kowa ya miƙa hannu. Wanda nasa ya yi daidai ya ci goro, wanda nasa ya makara ya sha tsiya har la'asar. Ni da na tsaya a aji huɗu, sai ga ni mata suna aiko tambayar ƙarfe nawa. Rigata duk faci, amma in na naɗe hannunta a kasuwar Ɗambatta sai dillalai su ba ni hanya.

Kwanan baya aka nuna mini a waya cewa masu kuɗi yanzu suna sayen wani akwati mai lantarki da ke juya musu agogo don kada ya tsaya. Na yi dariya har da hawaye. Da Alhaji ya gani, cewa zai yi su aiko masa da su, yana da masu fartanya. Kuma na san zai tambaya, in akwati ne ke ɗaura agogon, to da wa ake zaman Juma'a?

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Babu noma, babu girbi, sai zaman inuwa da tagumi. Agogona ya fara kwana a tsaye. Da na tambaya, da an gaya mini rashin motsi ne kawai, amma na ji tsoron Alhaji ya ce a gaban jama'a lalacina ne ya kama agogon. Na yi tunanin ya bushe ne kamar ƙasar. Kekena in ya yi ƙara mai nake ba shi, don haka na ɓalle bayan agogon da bakin aska. Kai, abin da na gani a ciki! Ƙananan ƙafafu masu haƙora, da wata waya siririya kamar gashi tana numfashi. Na tsoma gashin kaza a man gyaɗa na ɗiga masa sau uku. Wayar ta manne, numfashin ya tsaya. Garin neman gira na rasa ido.

Na daina zuwa durumi, na ce ina neman aikin lebura a Bici. A lokacin ne Alhaji ya karɓi sauran agogunan ɗaya bayan ɗaya, ya kai Kano, ya dawo da buhunan dawa ya raba wa gidajenmu. Ya aiko a karɓi nawa, na sa aka ce ba na nan. Duk da haka rabon gidana ya iso. Na ci tuwon nan, alhali na san abin da ke hannuna zai iya ciyar da wasu gidajen.

Da ciwo ya kwantar da shi, dole na je. Da hantsi ne, yana kwance a zaure ya rame. Bai ko bari na gama gaisuwa ba ya jawo hannuna ya kanga a kunnensa. Ya daɗe yana saurare.

"Rago," ya ce, "ashe har shi ka koya wa barci."

Ga ƙofar faɗin gaskiya ya buɗe mini, da dariya ma. Sai bakina ya ce, "Yanzun nan a hanya ya tsaya, Alhaji."

Ya dube ni, ya saki hannun a hankali. "To, Allah ya tashe shi."

Kwana biyar tsakani ya rasu. Bayan sadakar bakwai na kai wa magadansa agogon na faɗi gaskiya. Suka kai wa wani mai gyara a Kano, ya wanke man a yini ɗaya, agogo ya ci gaba da tafiya. Yini ɗaya! Abin da na guje wa ɗan'uwana a kansa wata uku ke nan.

Agogunan sun watse, ban san hannun wa suke ba. Abin da ya rage na Alhaji shi ne gidajen da dawarsa ta tsallakar da su waccan shekara, jikokinsu sun cika ƙauyen, da kuma halinsa na ɗaura wa talaka abin da ya fi ƙauna ba tare da shaida ba. Ni kuwa na rage da amsar da na ba shi a zaure.

Ina roƙonku, in an ba ku amana kun ɓata, ku tashi yau ku je ku faɗa tun mai ita yana iya jin ku. Ku bari a yi muku tsiyar. Ni na guje ta, ga shi shekara arba'in da ɗaya ina neman wanda zai yi mini ita ban samu ba.