Ranar da Aka Rasa Mai Karɓar Gawar Isuhu

Ranar da Isuhu mai ruwa ya rasu a asibitinmu ba ta taɓa fita daga raina ba. Sai dai zan fara da neman afuwa: an kwana biyu, kuma a ranar hankalina ba a kwance yake ba, don haka mai yiwuwa na sa wata magana a gaban wadda ta riga ta. Inda nake shakka zan faɗa. Na rubuta ne domin 'yan'uwanmu masu aikin asibiti a Inugu da Anacha da Fatakwal, musamman waɗanda suka shigo bayanmu.

Sunana Sanusi. Ina sashen adana bayanan marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa kusa da unguwar Abakpa Nike a Inugu. Ni ba likita ba ne, ba nas ba. Bayan na gama jami'a kati nake buɗewa in ajiye fayil. Amma da yake a Abakpa aka haife ni, ina jin yaren Ibo, kuma ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, duk wanda aka kawo daga cikin mutanenmu ni ake kira in yi tafinta.

Ga wanda bai san tsarin nan ba: a wannan yanki ana ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, kafin dangi su shirya bikin binnewa. Tunda wuta ba ta da tabbas, duk gawar da ba a karɓa da wuri ba, ana tsaga jikinta a ɗura mata maganin hana ruɓewa. Ba mugunta ba ce, al'adarsu ce da kuma dokar wurin. Kuma ba a ba da gawa sai ga dangi, ko wani sananne mai katin shaida da zai sa hannu ya ɗauki alhaki. Wadda ba a zo nema ba tana nan kwance har ranar da hukuma za ta kwashe su a binne tare.

Isuhu ɗan garuwa ne, magidanci, yana tura kurar ruwa, wato amalanken da ake jera jarkoki. Abokin aikinsa Lawali ne ya kawo shi da ciwon ciki. Da nake buɗe masa kati na tambaye shi wa yake da shi a garin nan, ya ce, "Alhaji Ɗanlami ne ubana a nan." Alhaji Ɗanlami shi ne mai kurorin da su Isuhu ke haya, kuma shi yake ɗauko su daga ƙauyukan yankinsu. Da safiyar wata Alhamis, ina jin a cikin rani ne, Isuhu ya cika.

Shugabar sashen mulki, Madam Eze, ta kira ni ta ce, "Mista Sanusi, na san mutanenku ba sa kwana da gawa. Ka kawo mai sa hannu kafin tsakar rana. In ba haka ba Emeka zai yi aikinsa." Emeka shi ne mai kula da ɗakin gawa. Lawali ba shi da katin shaida ko ɗaya, ma'aikacin asibiti irina kuma an hana shi sa hannu. Na nemi izini na hau okada, wato acaɓa, zuwa shagon Alhaji.

Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina kasuwa, ya jikin Malam, wato mahaifina. Sannan na faɗa masa.

"Inna lillahi. Allah ya jiƙansa," in ji shi. "Wane Isuhun?"

"Ranka ya daɗe, dogon nan mai tura kurarka. Ya ce kai ne ubansa a nan."

"Ai dukkansu haka suke cewa. Ɗan Malam, ni kura nake ba su haya, ban haife su ba."

Na yi masa bayanin maganin da za a ɗura wa gawar da abin da zai biyo baya. Ya gyara zama ya ce, "In sa hannu, gobe danginsa su zo su ce na san abin da ya kashe shi? Kai da ka yi boko ka fi ni sanin sharrin takarda. Ku je wurin wani."

Ina so in yi masa adalci: tsoron nan ba ƙarya ba ne, an taɓa jawo wa mutane fitina ta irin wannan hanya. Amma ni da kunnena na sha jinsa a wurin ɗaurin aure yana cewa "'ya'yana 'yan garuwa". Mutumin da ya ɗauko magidanci daga ƙauyensa, ya kawo shi garin da bai san kowa ba, yana ganinsa kullum safe da yamma, shi ne yake tambayata wane Isuhun. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Ban san inda zan nufa ba sai gida. Mahaifina, Malam Haruna, tela ne, amma abin da Abakpa ta san shi da shi shi ne wankan gawa. Ba a biyansa, kuma bai taɓa cewa yau ya gaji ba. Tun ina sakandare nake riƙe masa buta, har na san yadda yake yanka likkafani ba tare da awo ba. Yanzu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, da ƙyar yake kaiwa masallaci.

Na fara jero masa dokokin asibiti, ya katse ni. "An tanadi ruwa?"

"Baba, ba a ma ba mu gawar ba."

"To me kake yi a nan tsaye kana karanta min doka? Nemo keke mai ƙafa uku. Ɗauko farin yadin da ke cikin akwati, da kafur."

Madam Eze ta dubi tsohon da na riƙo, ta dube ni. "Wannan ai mahaifinka ne. Ba dangin mamaci ba ne."

Baba ya amsa mata da yaren Ibo, wanda ya fi nawa kyau. Ya ce duk Musulmin da ya mutu a unguwar nan ba shi da kowa, shi ne danginsa, haka yake tun kafin a gina asibitin. Daga baya ta ce ta yarda, amma kawo mahaifina dabara ce ta kauce wa doka, za a rubuta min gargaɗi, kuma idan dangi suka zo da ƙorafi aikina ne zai tafi. Na yi jinkirin amsawa, ba zan ɓoye ba, don da albashin nan nake saya wa Baba magani. Kafin in buɗe baki ya riga ya miƙa babban yatsansa na hagu a shafa masa tawada.

Mun tarar Emeka ya riga ya fito da kayan aikinsa. Ya mayar da su ya ce, "Ni ma ba na son huda mutum ba dalili." Ya ba mu ɗakin baya, ya kawo wa Baba kujera ya ce, "Papa, zauna, aikinmu ɗaya." Famfon wurin babu ko ɗigo, amma Lawali ya sanar da 'yan'uwansa 'yan garuwa, sai ga su sun ajiye ciniki, kowa da jarka a kai.

Ban taɓa wanke gawa ni kaɗai ba. Baba yana daga bakin ƙofa, Lawali yana zuba ruwa. "Rufe shi tukuna, daga cibiya zuwa gwiwa. Naɗa tsumma a hannunka. Matsa cikin a hankali, a hankali na ce, ba kwaɓin fulawa ba ne. Yanzu alwala. Dama za ka fara." Da na yi gaggawa sai ya ce, "Ina za ka? Shi ba ya sauri." Wankan ƙarshe na sa kafur. Abin da na gani a jikin Isuhu ba zan rubuta ba, domin wannan ma yana cikin abin da aka koya min.

Bayan la'asar muka sallace shi. A sahun gaba, ga Alhaji Ɗanlami cikin babbar riga, yana ƙamshin turare. A makabarta mutane suka riƙa miƙa masa hannu suna yi masa ta'aziyya, yana cewa, "Yarona ne, yaron kirki, sai haƙuri." Ana cikin zuba ƙasa ya ja Lawali gefe, kusa da ni, ya ce, "Kurar tana ina? Jarkokin sun cika?"

Na juya zan yi magana, Baba ya damƙe rigata da hannunsa mai lafiya. "Ba a gama rufe shi ba," in ji shi. A cikin keke na ce masa, "Baba, ka ji abin da ya tambaya?" Ya ce, "Na ji. Idan shi ya mutu ma kai za ka wanke shi, kuma yadda ka wanke wannan za ka yi masa."

Gargaɗin yana cikin fayil ɗina har yanzu. Babu dangin da suka zo, ko da ƙorafi ko da godiya. Abin da zan ce wa na baya shi ne, kada ku jira ranar mutuwa kafin ku san wa zai sa hannu. Idan mara lafiya ya ambaci wani babba, ku je ku ji daga bakin babban tun mai jinya yana numfashi. Kuma ku koyi wankan gawa wurin tsofaffin da suka rage, don ba su da yawa, mu kuma muna ƙaruwa.

Waɗanda suka halarta, Lawali da sauran 'yan garuwa da duk wanda ya tsaya a makabarta, idan na yi kuskure ku aiko min in gyara. Musamman idan akwai wanda ya ji Alhaji ya tambayi wani abu game da Isuhu ban da kura da jarkoki, ko da sunan matarsa ne, ina roƙonsa ya sanar da ni. Ni dai ban ji ba.