Hotona da Inna a Wurin Yankan Tumatir

Ko da zan manta duk kwanakin ƙuruciyata, akwai wani hantsi guda a garinmu Saulawa da zai zauna a zuciyata har ƙarshen raina. Ita ce ranar da na samu hoto tare da mahaifiyata.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni kakata ta tafi da ni Makarfi, sai hutu nake zuwa gida. A lokacin, mai hoto kan zo a kan keke ranar Sallah, a yi kwalliya a jeru, ya ce kowa ya tsaya cak, ya ɗauka sau ɗaya tak, sai bayan mako biyu a ga abin da ya fito. Na sha buɗe jakar da ake adana hotunan nan ina dubawa. Duk wanda nake ciki, babu Inna. Da ta ga an jawo ni layi, sai ta tuna da tukunya a kan wuta.

Shekarar da na samu gurbin karatu a wani gari mai nisa, kawuna ya ba ni 'yar kyamara irin ta zamani, mai gilashi a baya, wadda ake ganin hoto nan take. Saura kwana uku in tafi, kuma abu ɗaya nake so in sa a akwatina. Na durƙusa a bakin ɗakinta na ce, "Inna, don Allah hoto ɗaya."

Ba ta ɗago ba. "Ke, tashi ki ba ni wuri. Ga ƙannenki can, ki ɗauke su."

Na koma bayan rumbu na yi kukana. A nan Gwaggo, ƙanwar babana, ta same ni. Mace ce mai barkwanci, ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta karɓi kyamarar tana jujjuyawa. "Wannan abin, in an ɗauka da yawa ƙarewa yake yi?" Na ce a'a. "In ya ɓaci fa?" Na ce sai a goge. Ta yi murmushi ta ce, "To nuna mini inda ake dannawa, ki share hawayenki."

Washegari matan gida suka fita yankan tumatir na shanya. An baza shi a fili, ja wur, kamar an shimfiɗa wa ƙasa sabon zane. Na ɗauki wuƙa na zauna kusa da Inna, tunda aiki ba ya hana 'ya zama kusa da uwarta. Gwaggo kuwa ta shiga zagaye tana cewa tumatir take ɗauka, don 'yan birni su ga arzikinmu. Mata suna ta tsokanarta. "Yau kuma mai hoto muka samu da zane?" Ita ko danna take, ba ji ba gani. Har na manta da ita.

Sai kawai muka ji ta rangaɗa guɗa.

Kowa ya taso. Muka duba hotunan a gilashin: Gwaggo ta ɗauki ƙafafun mutane, ta ɗauki akuya, ta ɗauki sararin sama ba adadi. Amma a tsakiyarsu ga wani: na sunkuya ina yanka, Inna ta miƙo hannu ta bayana tana cire mini wani ɗan haki daga mayafi, a hankali yadda ba zan ji ba. Na jawo fuskarta kusa a gilashin. Irin kallon da take mini, ban taɓa sanin akwai shi a duniya domina ba.

Inna ta leƙo, ta gani, ta ja mayafi ta rufe baki. "Goge shi," ta ce.

Na ɗora yatsa a kan madannin gogewa. Na ce, "Inna, in kin sake faɗa, zan goge." Har ga Allah, da ta sake faɗa, da na goge ɗin.

Ta daɗe tana kallon ɗan gilashin nan. Sannan ta koma ta zauna, ta ɗauki wuƙarta, ta dubi Gwaggo, ba ni ba.

"Ki gaya wa yarinyar nan, in ta shiga Ikara ta wanko guda biyu."

Ranar ban san lokacin da na isa bakin titi ba. A shagon wankin hoto sai dariya nake ni kaɗai, har mai shagon ya tambaya ko na biki ne. Na ce ya fi biki.

Ɗaya yana jikin bangon ɗakina yanzu. Ɗayan kuwa, ƙanwata ta ce yana ƙasan akwatin Inna, naɗe cikin zanen aurenta.

Tun daga ranar na daina cewa mutane su tsaya cak, na kuma daina saurin goge hoton da ba a shirya masa ba. Na gane cewa akwai ƙaunar da ba ta iya tsayawa a layi ta kalli mai hoto. Sai ka sunkuyar da kai kana aikinka take miƙo hannu.