Ranar da Iliasu Tela Ya Ɗaga Hannu a Aji Ɗaya

Duk wanda ya taɓa kai yaro makarantar boko daga Tsohon Zango na Kumasi ya san Iliasu tela, in bai san fuskarsa ba ya san ɗinkinsa. Shi ne mai shagon katako a kwanar da turoturo, motar hayar unguwar Aboabo, ke juyawa. Yunifom yake ɗinkawa, kuma da girma yake ɗinka shi, don a ganinsa yaro abu ne mai ƙaruwa, yadi kuwa ba ya ƙaruwa. In ka ga ɗan aji ɗaya yana tafiya wandonsa na gaisawa da ƙasa, kada ka tambaya, aikin Iliasu ne.

Na san shi tun bai san kansa ba. Uwarsa Ruwaida ƙawata ce, ƙofar ɗakinta na kallon tawa a gidan haya ɗaya har Allah ya karɓi abinsa. Ubansa ɗan Dosso ne mai fataucin goro, ya rasu Iliasu na rarrafe, ita ta raine shi da tukunyar wake da shinkafa a bakin titi. Mace ce mai murya. In ta kira yaro a Zango, wani a Aboabo sai ya waiwayo. Ɗan nata kuwa sai ya fito da kunyar da ta ishi gida uku. Tun yana yaro in babba ya yi masa magana, ƙasa yake ba amsa. Bai shiga boko ba, aka kai shi koyon ɗinki, kuma ya dace da sana'ar, don keken ɗinki ba ya neman a kalle shi cikin ido.

Amma fa kada ka ce masa bai san makaranta ba. Iyaye suna zama a bencinsa suna jiran ɗinki suna kuka da malamai, shi kuma yana tattarawa. Da haka ya zama malamin iyaye. Ya san makarantar da ke son farar safa da wadda ke son baƙa. Ya san wadda ke duba farce da haƙori a layin safe, da wadda ke korar yarinya in ba a aske mata kai ba. Sabon uba in ya zo awo, sai ya fita da wa'azi kyauta: a tashi yaro da wuri ya iske shara, a sa masa hankici a aljihu, a ɗaure masa fensir da zare tun da fensir ƙafa gare shi, a koya masa neman izini kafin ya fita fitsari. Duk wannan daga mutumin da bai taɓa leƙa cikin aji ba, ko don fakewa ruwa.

Ruwaida ta rasu, ba a daɗe ba matarsa Memuna ta haifi mace. Ba sai an yi shawara ba, liman ya raɗa mata sunan kakarta. To daga ranar suna, sunan ya shiga akwati. Iliasu ba zai kama sunan uwarsa da bakinsa ba. Memuna suruka ce, ita ta fi shi nisa da shi. Sai aka ce da jaririya Mma, wato uwa, kamar yadda ake yi a kowane gida, maƙwabta suka bi. Ni kuwa ƙawata nake ce mata, in tsokane ta in ce ta dawo ne don ta ci gaba da aron turmina. Malamin allon da aka kai ta ɗan unguwa ne, ya ci abincin marigayiya ya girma, shi ma Mma yake cewa.

Sau ɗaya sunan ya fito a tsakar gidanmu. Wata baƙuwa ta zo da 'yarta mai irin sunan, Mma tana wasa da ita ta ƙwala mata kira da shi. Iliasu na alwala, ya tsaya da buta a hannu kamar an taka masa ƙafa. Memuna ta kama leɓen yarinyar ta ce ba a faɗin wannan a gidan nan, kada ta sake ji. Mma yarinya ce mai riƙo. Ta ajiye kalmar a inda take ajiye zagin da 'yan tasha ke yi.

Iliasu bai kai ta keji ba, wato ajin ƙananan yara da ake fara shiga kafin aji ɗaya. Ya ce can wasa kawai ake yi da waƙa, kuma wasa akwai shi a gida. Da ta isa, sai ya kai ta aji ɗaya kai tsaye, ya miƙa wa shugabar makaranta takardar haihuwa da hannu biyu, ita ma ta kwafi abin da ta gani. Ranar farko kuwa ba a taɓa shirya yaro kamar yadda aka shirya Mma ba. An aske kai, an yanke farce har da wanda bai fito ba. Ga tsintsiya, ga gorar ruwa, ga hankici, ga fensir a wuya kamar laya. Riga ta sauko har ƙwauri. Ya riƙe hannunta suka bi ta gaban shagunan mutane a hankali don kowa ya ga yadda ake yi.

Ba a jima ba Mma ta fara kawo rahoto. Ta ce malamarsu, Madam Konadu, kullum da safe bayan an shiga aji tana faɗin abin da ba a faɗa, da ƙarfi, har ta maimaita. Aka tambaye ta mene ne, ta toshe baki. Memuna ta ce ai dama an ce bakin matar ba shi da linzami. Iliasu ya ce a yi haƙuri, boko ke nan, kowace sana'a da ƙazantarta. Suka yaba wa yarinyar da ba ta kwaso ba.

Sai ga saƙo, Madam na son ganin uba. Ya tafi da sabuwar jallabiya yana tsammanin za a tambaye shi sirrin tarbiyya. Ya dawo ya zauna a dokin ƙofata kamar wanda aka zare wa ƙashi.

Abin da Madam ta gaya masa shi ne, 'yarsa tana shara, tana layi, tana da tsabta, amma ba ta amsa sunanta. Kowace safiya ana kiran yara ɗaya ɗaya, wanda aka kira ya miƙe ya ce firezan, wato ga ni. In an zo kanta sai ta kifa kai a tebur ta toshe kunne. Da fari ma Madam ta ɗauka yarinyar ba ta zuwa. An ce kowa ya koyi rubuta sunansa, ita ta ƙi ko kallo. Madam ta ce ko dai kunne ne, a kai ta asibiti, ko kuwa ba ta kai ba, a mayar da ita keji cikin masu majina ta fara daga can. Shugaba ta ce a jira ƙarshen wata a gani.

Keji. Iliasu da ya gaya wa rabin Zango yadda ake shiga aji ɗaya, shi zai koma ya ɗinka wa 'yarsa rigar keji, a shagon da kowa ke wucewa. Ban da haka yarinyar ta riga ta yi ƙawaye, ta ji maganar, ta daina cin abinci sosai.

Na tambaye shi ko ya yi wa Madam bayani. Ya ce ya yi, ya roƙe ta ta riƙa cewa Mma. Matar ta yi dariya ta ce su ma Asante suna yi, ita kanta 'yarta sunan uwar mijinta gare ta, Maame ake ce mata a gida, amma ta san sunanta. Sai ta juya ga aji ta ce Mma ta tashi. Kusan rabin 'yan matan suka miƙe, har da wani yaro da ya zaci uwarsa ce ta zo.

"To ka gaya wa 'yarka sunanta mana," na ce.

"Hajiya, da wane bakin?"

"Da wanda ka ci tuwonta. Ita da ta yi ta kiranka Iliasu a gaban jama'a har da ƙarin mai kunnen tukunya, ba ta mutu da kunya ba."

Ya ce ni ƙawarta ce, a bakina ba laifi, in taimaka. Na kira yarinyar na zaunar da ita, na ce ƙawata, sunanki Ruwaida. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa, ta ce ba za ta gaya wa Baba na faɗa ba. Na yi da safe, na yi da yamma. Aka kawo malamin allo ya faɗa, bayan ya yi ta tari. Yarinya ta ce in da sunanta ne, ai da Baba ya sani.

Iliasu ya gwada duk wata hanya da ba ta bi ta bakinsa ba. Ya ɗinka mata sunan da jan zare a ƙirjin riga, wani ya zana masa ya bi. Ita ba ta iya karatu ba, shi ma haka, suka tsaya suna kallon adon. Ya ce Memuna ta faɗa, Memuna ta ce uwar wa. Ya tsaya bayan labule ya yi niyya, bakin ya buɗe, sai salati ya fito.

Da wata ya zo ƙarshe ya ce in raka shi makaranta, wai ko ganin furfura zai sa a ƙara musu lokaci. Muka isa an gama layin safe, yara na shiga aji suna buga ƙafa kamar sojoji. Ajin cike yake, uku uku a benci, bango duk hotunan ayaba da akuya, sai ka ce yaran Kumasi ba su taɓa ganin akuya ba. Madam Konadu ta ba ni kujerarta. Iliasu ta nuna masa benci na baya, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna kusa da wani mai cin ƙarshen fensir.

Ta fara kira. Yaro ya miƙe, firezan Madam, ya zauna. Wata ta miƙe, firezan Madam. Aka zo wurin. Madam ta faɗi sunan sarai, Mma ta kifa kai, ta leƙo ta ƙarƙashin hannu tana duban ubanta, wato ka ji da kunnenka abin da nake gaya maka.

Madam ta ce da shi cikin Twi, yaren Asante, ba za ta iya riƙe yarinyar da ba ta san ana kiranta ba, gobe in an yi gobara ko an ɓata a hanya da me za a neme ta. Ta ce yanzu za ta kai ta keji da kanta, ta ɗauki jakar yarinyar. Mma ta riƙe igiyar jakar da hannu biyu, ba ta yi kuka ba, hawaye ne kawai ke sauka kan jan zaren nan.

Iliasu ya yi wani gunaguni daga baya.

"Papa, a nan ajin mai magana hannu yake ɗagawa," in ji Madam.

Ya ɗaga. Hannun hagu ma ya fara ɗagawa, yaron kusa da shi ya gyara masa.

"Ka miƙe. Ka dubi wanda kake yi wa magana. Mu ji ka daga nan."

Ya miƙe, benci ya biyo shi ya faɗi. Ya dubi 'yarsa, ina jin ranar ya fara ganin launin idonta.

"Ruwaida," ya ce. Ko ƙuda bai firgita ba.

"Ba mu ji ba," in ji Madam, yara suka amsa mata baki ɗaya, don haka aka koya musu.

Sai ya sake. Ban san inda ya ajiye wannan murya duk shekarun nan ba. Malamin aji biyu ya leƙo ta taga.

Mma ta saki jaka. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce a hankali, "Baba, ni?"

"Ke. Sunanki ne. Na Mma ne, ta bar miki."

Ta miƙe ta gyara riga, ta haɗa ƙafafu, ta dubi ubanta ta ce, "Firezan, Madam."

Aji ya fashe da dariya. Madam ta sa aka tafa wa Papa irin tafin da ake yi wa wanda ya ci tambaya, ta mayar da jakar kan tebur. Iliasu ya fita yana zufa kamar ya ɗauko buhun masara daga kasuwar Kejetia. A hanya da muka kai kwana, ya ce in na yi mafarki da uwarsa in ba ta haƙuri. Na ce ita da ta sha faɗa min ɗanta ba ya buɗe baki, yau sai dai ta yi guɗa.

Yarinya ta zauna a aji ɗaya, yanzu har tana koya wa uwarta ɗaga hannu kafin ta ce a ɗebo ruwa. Iliasu ya ƙara abu ɗaya cikin wa'azinsa na benci. Yana gaya wa sababbin iyaye su tabbata yaro ya san sunan da ke takarda, ya ce ya ga wani da abin ya faru da shi.

Bai sake faɗin sunan ba, ya ce rana ɗaya ta isa. Matsalar ita ce yarinyar ta daina amsa Mma, ta ce Madam ta ce kowa sunansa yake amsawa. Jiya ina zaune ya fito yana son a sayo masa zare. Ya ce Mma, shiru. Ya ce ke, shiru. Tana gabansa tana feƙe fensir. Ya tsaya, ya dubi sama, ya dube ni, na juya masa ƙeya. Sai ya sa takalmi ya tafi ya sayo zarensa.