Tabarau na Masu Karatu

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya ƙungiyar matan masallacinmu ta shirya aikin duba marasa lafiya kyauta a Nijar, ni ma na ba da sunana. Muka ƙetare iyaka ta Ƙonni, muka sauka a wani ƙauye bayan Badaguishiri. A hanya ina ta kallon lambunan albasa kore shar a cikin kwari, ina raya wa kaina cewa za mu shiga garin kamar ruwan farko.

An ba mu azuzuwa biyu na lakwal, wato makarantar bokon ƙauyen. Ni aka ɗora a teburin tabarau. Wani attajiri ne ya saye su sadaka, da sharaɗi ɗaya: a ba tsofaffin da ido ya hana su karatun addini. Saboda haka Hajiya, shugabar tafiyar, ta ba ni ɗan littafin addu'o'i. Mutum ya sa tabarau, ya karanta layi biyu, ya tafi da abinsa.

Ran kwana na biyu wata tsohuwa ta zauna gabana, da fasasshiyar ƙwarya a cinyarta. Ɗinkin ƙwarya ne sana'arta. Ta nuna mini inda ta ɗinke, zaren kaba ya kauce wa tsagar, ya bi gefe.

"Hillani sun bar kawo mini, ɗiyata," in ji ta. "Sun ce nono na zuba. Da wannan nika ci."

Na gwada mata guda uku. Na ukun ne ya dace da idonta. Ta ɗaga tafin hannunta tana juya shi a hankali, kamar an aiko mata da shi daga nesa. Ta kama bakin gyalena.

"Ashe da 'yan huranni jikinshi."

Sai Hajiya ta iso ta tsaya a kaina. "An yi karatun?"

Na buɗe littafin na miƙa. Tsohuwar ta karɓa hannu biyu, ta ɗora yatsa a kan shafin, ta fara. Muryarta na da daɗi, ba gargada ko ɗaya. Addu'ar bayan salla take yi, wadda ta haddace tun ƙuruciya. Shafin da na buɗe kuwa na addu'ar shiga kasuwa ne. Yatsan ma daga hagu yake tafiya zuwa dama.

Wani tsohon jandarma, irin 'yan sandan Nijar, da ke bayanta a layi ya leƙo ya ƙyalƙyale da dariya.

"Inna, yaushe kika yi sauka ba ki kira mu walima ba?"

Layi ya ɗauka. Wata ta ce a ba ta limancin mata. Ita dai ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe, ta shafa.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ni ta kalla. "Malama, abin da ke shafin ta karanta?"

Ta san amsar. So take ta fito daga bakina. Da na ce e, ina jin za ta wuce abinta, don tana da gajiya kuma ana kiranta a ɗaya ajin. Amma tun ina ƙarama ake yabona da rashin ƙarya, kuma ina son yabon.

"A'a, Hajiya."

"To amana ce. Ba mu muka sa sharaɗin ba. Iya, ki yi haƙuri, ki je can a ba ki maganin ɗigawa."

Tsohuwar ba ta cire tabarau ɗin ba, ba ta kuma roƙa ba. Ta sunkuya tana duban ƙwaryarta da sauri, tana bin tsagar da farce tun daga baki har gindi, kamar mai son haddace ta. Ni na miƙa hannu na zare tabarau ɗin daga kunnuwanta. Ƙarfen ya riga ya ɗauki ɗumin fuskarta.

"Kin iya aikinki, ɗiyata," ta ce. Ta laluba ta ɗauki takalmanta.

Jandarman ya karanta nasa layi biyun da ƙarfi, har da jan baki, ya tafi da guda.

Masu karatu ba su da yawa a ƙauyen. Ranar komawa fiye da rabin tabarau ɗin suna nan. Hajiya ta ce in jera su a kwali in liƙe da kyau, kada su karce kafin baɗi.